Ƙasar Da Ake Cin Dogonyaro Da Shinkafa

Daga Wakilinmu

Da wuya a sami ɗan Arewa wanda bai san ɗacin dogonyaro ba. Yawancinmu mun tuna lokacin da zazzaɓi ya kwantar da mu muna yara, aka tafasa ganyensa a tukunya, aka lulluɓe mu da zane muka yi surace, sa'an nan aka ɗura mana sauran ruwan muna kuka. Saboda haka mai karatu zai gane halin da na shiga ran da na sauka Dakka, babban birnin ƙasar Bangaladash. Mai masaukina ya sa aka kawo abincin rana, aka fara ɗibar wani soyayyen ganye haɗe da yalo irin nasu mai girma, aka zuba mini a gefen shinkafa. Na kai loma baki, sai na ji ba kome ba ne illa dogonyaro.

Kunya ta hana ni tofarwa. Mai masaukin, wanda shi ma ɗan jarida ne, ya ga yadda na yamutsa fuska, ya yi dariya har da ƙyaƙyatawa, ya ce, "Haɗiye, bhai, mai daɗin yana tafe." Bhai a bakinsu ɗan'uwa ke nan, kuma haka suke kiran duk wani namiji tsaransu. Ya bayyana mini cewa a gidaje da yawa na Bangal da abu mai ɗaci ake buɗe cin abinci, kifi da miya su biyo baya. Na kuwa je ne a watan Fabrairu, daidai shigar watan da suke kira Falgun, sa'ad da dogonyaro ke fid da sabon toho ja-ja mai taushi. Wannan lokaci na tsakanin sanyi da zafi suna kiransa bosonto, kuma da wannan kalma ɗaya suke kiran ƙarambau da agana, don a lokacin ne cututtukan suka saba ɓarkewa. Sun gāji imani daga kakanni cewa cin ganyen yana tsare jiki, kuma har yau in ƙarambau ya kama yaro sukan shimfiɗa masa ganyen a gado, su yi masa wanka da ruwansa. Amma fa ba dogonyaro ne ya kori agana daga ƙasar ba, lamba ce. A tsibirin Bola na ƙasar ne aka ga mutum na ƙarshe a duniya da mugun nau'in agana ya kama a gida, cikin 1975.

Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, wannan itace da muke kira dogonyaro, ko darbejiya, ko maina, baƙo ne a ƙasarmu. Asalinsa can ne wajen Indiya da Bama, kuma a zamanin Turawa aka kawo shi Lardin Barno cikin 1928. A gidansu na iske shi, suna kiransa nim.

Kafin mu yi nisa, ya kamata a san wace ƙasa ake magana. Bangal ƙasa ce ta mutane masu harshe ɗaya, wadda aka raba biyu cikin 1947. Yammacinta, inda birnin Kalkata yake, ya zauna cikin Indiya. Gabashinta ya shiga Pakistan, har ya ɓalle bayan yaƙin 1971 ya zama Bangaladash. Faɗin Bangaladash kusan daidai yake da a haɗa Jihar Neja da Jihar Barno, amma ƙidayar 2022 ta sami mutane fiye da miliyan 165 a cikinta, akasarinsu Musulmi. Ƙasa ce ta koguna da fadamu, inda kome aka jefa a ƙasa sai ya tsiro. To a irin wannan wuri, magani ba ya nisa da ƙofar ɗaki.

Kwanaki kaɗan na yi na lura cewa a wurinsu ba a raba madafa da ɗakin magani. In ciki ya ɓaci, uwargida takan tsinko wani ɗan ganye mai yaɗo a bakin ruwa, tankuni, ta kirɓa a ci da shinkafa. Habbatus-sauda, wadda mu muke sha da zuma don tabarruki, su soya ta suke yi su niƙa da tafarnuwa da man mastad, musamman don mai jego. Zogale kuwa, da suke kira sajna, 'ya'yansa dogaye suka fi dafawa cikin miya, har matar mai masaukina ta yi mamaki da na ce mu ganyen muke kwaɗantawa da ƙuli-ƙuli, 'ya'yan su bushe a kan itace. A bakin titi za ka ga mai sayar da abin sha ya jera kwalabe da bokitai, yana kankare tsokar alobera cikin kofi, ya zuba ɓuntun wani iri mai yauƙi da ake kira isabgul, masu tuƙa keken haya suna layi suna sha. Akwai kuma cirata, wasu busassun tsinkaye da ake kawowa daga duwatsun Himalaya, a jiƙa da dare a sha da asuba. Wannan ko dogonyaro sai ya sara mata.

Masu magani a ƙasar iri biyu ne manya. Akwai kabiraj, wanda iliminsa ya samo asali daga tsofaffin littattafan Hindu na harshen Sanskirit, watau abin da ake kira Ayurbeda. Akwai kuma hakim, mai bin ɗibbun Yunani, wanda ya zo ta hannun malaman Musulunci irin su Ibn Sina. A ƙauye kuwa sunan kabiraj ya game kowa, har da mai tofi a ruwa da mai ba da laya, kuma da yawansu Musulmi ne. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, wannan ilimi rubutacce ne tun da daɗewa. Tun cikin ƙarni na 11 wani malamin Bangal, Cakrapani Datta, ya yi sharhi a kan babban littafin likitancin Caraka, ya kuma rubuta nasa littafin na haɗe-haɗen magunguna, wanda ɗalibai ke karantawa har gobe. Mu a nan, sau nawa tsoho masanin itatuwa ya rasu ya tafi da abin da ya sani, saboda bai yarda ya faɗa wa ko ɗan cikinsa ba? Gwamnatin Bangaladash ta kafa dokar da ta tsara aikin hakimai da kabirajai cikin 1983, kuma akwai kwalejin gwamnati a unguwar Mirpur ta Dakka inda ake koyar da fannonin biyu har a ba da digiri.

Ran wata Asabar muka hau keken haya muka kutsa cikin tsohon birnin Dakka, inda lunguna suka matse har kekuna biyu ba sa giftawa sai da cacar baki. Muka ratsa ta Cokbazar da Maulabibazar, inda 'yan kasuwa ke zaune cikin buhunan saiwoyi da sassaƙe da busassun 'ya'yan itace, wanda ya san layin masu magani a Kasuwar Kurmi ta Kano ba zai ji baƙunta ba. Daga nan muka nufi unguwar Gandariya, don in ga wata tsohuwar masana'antar magani mai suna Sadana. Tun daga nesa za ka gane ka iso, saboda birai da suka cika katangu da rufin gidaje, waɗanda suka saba samun abinci a wurin shekara da shekaru.

Wanda ya kafa ta cikin 1914 shi ne Joges Candra Gos, malamin ilimin haɗa sinadarai a Kwalejin Jagannat ta Dakka. Mutum ne da ya yi karatun zamani sosai, amma maimakon ya raina maganin kakanninsa, sai ya ɗauko shi ya shigar da shi ɗakin gwaji, ya tsayar masa da ma'auni, ya ɗura shi a kwalba da takardar bayani, ya kuma sayar da shi da araha yadda talaka zai iya saye. Kafin a jima rassan Sadana suka bazu cikin garuruwan Bangal da Indiya. Ba shi ne na farko ba, don tun 1901 aka buɗe wata mai suna Sakti a wannan birni, amma shi ne aka fi tunawa, saboda yadda ƙarshensa ya kasance. Da yaƙi ya ɓarke cikin 1971, Hindu da yawa suka gudu Indiya, shi kuwa ya ƙi barin masana'antarsa. Ranar 4 ga Afrilu na wannan shekara sojojin Pakistan suka shigo suka harbe shi, yana da shekara fiye da 80. Yau wurin ya ja baya ƙwarai daga yadda yake a dā. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon tsohon ginin jan bulo, wani biri ya sauko ya fizge ayabar da ke hannun mai kekenmu.

Mai karatu zai iya cewa, to duk wannan me ya tsinana wa duniya? Amsar tana cikin kantin maganin unguwarku. Akwai wani ɗan tsiro da ake kira basak, wanda ake dasawa a matsayin shinge, tsofaffi na dafa ganyensa don tari da fuka. Masana suka ware sinadarin da ke cikinsa, daga bisani wani kamfanin Jamus ya kwaikwayi ƙirarsa ya fito da maganin tsinka majina da ake kira bromhexine cikin 1963, wanda ake sayarwa da sunan Bisolvon. Akwai man calmugra, daga 'ya'yan wani itace na dazuzzukan gabashin Bangal da Bama. Wani likita Bature da ke aiki a Kalkata, Frederic Mouat, ya ba da labarin amfaninsa ga kuturta cikin 1854, kuma da wannan mai aka yi ta yi wa kutare allura a duniya, har da asibitocin kutare na Nijeriya, kafin magungunan zamani su ture shi daga wajen 1940 zuwa gaba.

Wanda ya fi su labari shi ne sarpaganda, wani ɗan kurmi wanda aka daɗe ana ba masu taɓin hankali saiwarsa. Cikin 1931 mutum biyu a Kalkata, Kabiraj Gananat Sen da Dakta Kartik Candra Bos, suka haɗa kai suka gwada saiwar a kan marasa lafiya, suka rubuta abin da suka gani: tana kwantar da mai hauka, tana kuma saukar da hawan jini. A lura, ɗaya mai maganin gargajiya ne, ɗaya likitan asibiti, kuma ba wanda ya ce da ɗan'uwansa matsa can. Shekara 21 bayan haka, cikin 1952, masana a kamfanin Ciba na ƙasar Suwizalan suka fid da sinadarin reserpine daga saiwar, ya zama ɗaya daga cikin magungunan hawan jini na farko da suka yi aiki da gaske. Daga baya likitoci suka rage ba da shi, don an ga yakan jefa wasu cikin baƙin ciki mai tsanani, an kuma sami waɗanda suka fi shi. Ita kuwa saiwar, haƙa ta yi mata yawa har cikin 1990 aka sa ta cikin tsirran da ake taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Wani abin lura, ɗan'uwan wannan tsiro yana nan a kurmin kudancin Nijeriya, Yarabawa na kiransa asofeyeje, kuma masu maganinsu sun daɗe suna ba mahaukata shi. A ganina abin da ya bambanta mu da Kalkata ba itace ba ne, alƙalami ne da ma'auni.

Na ji labarin wasu ƙauyuka a Gundumar Nator, arewa maso yamma da Dakka, inda aka ce mutane sun bar noman abinci sun koma noman magani, saboda haka na shiga motar safa tun da asuba. Muka bi ta Tangayil, muka hau gadar kogin Jamuna, wadda aka buɗe cikin 1998, tsawonta kilomita 4.8, ka duba dama ka duba hagu ba ka ganin ƙarshen ruwa da yashi. Daga Sirajganj hanya ta ratsa wata makekiyar fadama da ake kira Calan Bil, wadda da damina takan zama kamar teku, amma a lokacin shinkafa ce kore shar har iyakar gani. A wata tasha wani magori ya shigo motar da jakarsa, ya yi ta zuba kamar kanya. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma daga yadda maza suka yi tsit suna sunkuyar da kai suna miƙa kuɗi, na gane maganin mene ne. Wannan sana'a dai harshenta ɗaya ko'ina.

Yankin sunansa Lakkipur Kolabariya, ba nisa da garin Nator, amma kowa da Ƙauyen Magani ya san shi. Mutanen wurin sun ce wani tsohon kabiraj ne, wanda ya riga mu gidan gaskiya, ya fara dasa 'yan tsirrai a bayan ɗakinsa, maƙwabta suka ga ana zuwa saye, suka kwaikwaya, har abin ya game ƙauyukan kewaye. Ban taɓa ganin irin wannan gona ba. Alobera ce jere-jere kamar kunyoyin dawa, ganyenta kauri kamar damtsen mutum. Can kuma gonar simul ce, ɗan'uwan gurjiya tamu, amma ba a barinsa ya girma, yana ƙarami ake tumɓuke shi don saiwarsa, wadda ake busarwa a daka, a sayar wa masu neman ƙarfin jiki. Ga satamuli mai tarin saiwoyi kamar rogo ƙanana, da ake ba mata don ruwan nono. Ga aswaganda, wanda ma'anar sunansa warin doki, kuma shi ne ƙarama-anta da ke fitowa a bayan gari a ƙasar Hausa ba mai kula ta. A ƙofar kusan kowane gida mata na zaune suna yanka saiwa suna shanyawa a tabarma, da yamma kuma motoci su zo su ɗebi alobera zuwa Dakka.

Manoman ba su ɓoye mini kukansu ba. Alobera in an yanke ta ba ta jimawa, saboda haka duk abin da dillali ya taya, tilas su sallama ko su zubar. Wani ya nuna mini gonarsa da wata cuta ta ɗiɗɗiga wa ganyen baƙaƙen tabo, ya ce a irin wannan shekara bashi kawai ake girba.

A kasuwar ƙauyen aka kai ni rumfar wani dattijo kabiraj. Tafintana ya gaishe shi da caca, watau baffa, ni ma na bi sahu. Yana zaune a kan tabarma, gabansa ɗan ƙaramin ma'auni irin na maƙeran zinariya, da wani littafi da ya sha hannu har gefensa ya yi baƙi, ya ce na mahaifinsa ne. Ina zaune wata mata ta zo da yaro mai tari. Ya tambayi shekarun yaron, ya saurari numfashinsa, ya auna garin basak da tulsi, ɗan'uwan ɗoɗɗoya, ya ƙunsa ƙulli-ƙulli, ya ce in kwana uku ya wuce ba sauƙi, ko ta ga haƙarƙarinsa na faɗawa in yana numfashi, ta kai shi asibiti kada ta dawo wurinsa. Na tambaye shi batun sarpaganda, tun da sunanta ya ƙunshi maciji, ko tana maganin sara. Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, wanda candrabora ya sara, mota ce maganinsa." Candrabora wani mugun maciji ne dangin kububuwa, wanda ya tayar da hankalin mutanen bakin kogin Padma cikin 2024. Ya ce shi Asibitin Koyarwa na Rajshahi yake tura su, amma akwai masu tofi da ake kira oja, da ke riƙe mutum suna ɗaure shi da igiya suna tsaga, sai jini ya ƙi tsayawa sa'an nan a nemi mota. Na tuna da abin da ma'aikatan asibitin saran maciji na Kaltungo ke fama da shi, na yi shiru.

Ba kowa ne kamar wannan dattijo ba, kuma ba kullum jama'a ke da natsuwarsa ba. Cikin watan Maris na 2020, da annobar korona ta shigo, jita-jita ta bazu cikin dare a yankin Barisal cewa wani shehi ya yi mafarki, duk wanda ya ci ganyen tankuni uku ya tsira. Mutane suka fito da fitilu suna lalube a bakin kududdufai har gari ya waye. Ganyen da ke gyara ciki aka ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba.

Wanda ya fi wannan muni shi ne abin da ya sami kurkum, ko gangamau, wanda suke kira holud. Ba miyar da ake yi ba shi, ana shafa shi a rauni, ana sha da madara, kuma kafin aure akwai bikin shafa wa ango da amarya shi, kamar sa lalle a wurinmu. Cikin 2019 masu bincike daga Jami'ar Stanford ta Amurka da cibiyar binciken cututtukan gudawa ta Dakka suka gano cewa masu goge kurkum suna barbaɗa masa wani fenti rawaya mai ɗauke da dalma, don ya yi kyau a ido, kuma dalmar tana taruwa a jinin mata masu ciki da yara. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara cikin 2010 ba ma bukatar a yi mana bayani. Hukumar kula da abinci ta ƙasar ta tashi haiƙan, aka yi ta shela, aka shiga kasuwa da na'urar gwaji, aka ci tarar waɗanda aka kama. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa kurkum mai dalma a kasuwannin da aka gwada ya sauko daga kashi 47 cikin 100 a 2019 zuwa babu ko ɗaya a 2021. Da na koma Dakka na je Shambazar, babbar kasuwar kayan miya da ke bakin kogin Buriganga, inda aka yi wannan samame. Wani ɗan kasuwa ya ɗauko saiwa ɗaya daga buhu, bayanta a dushe kamar ta sha ƙura, ya karya ta ya nuna mini cikinta, ya ce yanzu mai wayo irin wannan yake nema.

Tsarabar da na zo da ita daga Nator ƙullin cirata ne da dattijon nan ya ba ni, ya kuma rubuta mini yadda ake sha a wata 'yar takarda, na babba daban, na yaro daban. Da na sauka Ikko na wuce gida Zariya, na kai wa mahaifiyata. Ta karya tsinke ɗaya ta tauna, ta yi shiru, ta ce wannan ba shakka zai yi maganin shawara, nawa ake jiƙa wa yaro? Na ciro takardar na buɗe, sai a sa'an nan na tuna da rubutun Bangal aka yi ta. An zaga da ita har Samaru ba a sami mai karantawa ba, ƙullin kuwa yana nan rataye a ɗakinta.